Laburare ko Firemwok: Tarihin Wata Muhawara a Sana'ar Gina Fuskar Shafin Intanet

Sana'ar gina fuskar shafin intanet, wato ɓangaren da mai ziyara yake gani ya kuma latsa, ta fara ne ba tare da kayan aiki na a-zo-a-gani ba. Sa'ad da Tim Berners-Lee ya fito da shafin farko a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Jeniba, a 1991, shafi bai wuce takarda ba: rubutu ne da mahaɗai, aka tsara su da HTML. Harshen da ya ba shafi motsi, JavaScript, Brendan Eich ne ya rubuta shi a kamfanin Netscape cikin kwana goma a watan Mayun 1995. Shekara guda bayan haka Microsoft ya sa nasa samfurin, JScript, a cikin Internet Explorer 3, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka fitar da CSS domin ƙawata shafi. Har gobe HTML, CSS da JavaScript ne ginshiƙan abin da burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, take fahimta. Duk wani abu da aka ƙirƙira daga baya, a kansu aka ɗora shi.

Matsalar farko da masu sana'ar suka yi fama da ita ita ce rashin jituwar burauzoji. An daidaita ƙa'idojin JavaScript a 1997 da sunan ECMAScript, amma yadda za a kama wani sashe na shafi a canza shi, ko a gane cewa an latsa maɓalli, kowane kamfani da tasa hanyar. Mai rubuta manhaja sai ya yi aiki biyu, ɗaya don Netscape ɗaya don Explorer, sannan ya ƙara wani rubutun da zai gane wace burauza ce ta zo. Explorer 6 na 2001 ya mamaye kasuwa, ya kuma shafe shekara biyar ba a fitar da magajinsa ba, don haka kurakuransa suka zama abin da kowa ya haddace. Ana cikin haka Gmail ya fito a 2004, Google Maps a 2005, suka nuna cewa shafi zai iya karɓo sababbin bayanai daga saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba tare da an sake loda shi gaba ɗaya ba. Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar suna Ajax a watan Fabrairun 2005. Masu kamfanoni suka ce su ma irin wannan suke so, alhali yin sa da hannu wahala ce tsantsa.

Daga nan laburare ya samu kasuwa. Laburare tarin umarni ne da wani ya riga ya rubuta ya gwada, mai gina shafi ya kira wanda yake buƙata a lokacin da ya ga dama. Prototype na Sam Stephenson ya fito a 2005, ga Dojo, ga YUI na Yahoo, ga MooTools. Wanda ya yi musu zarra shi ne jQuery, wanda John Resig ya gabatar a wani taro a New York a watan Janairun 2006. Da layi ɗaya mutum zai zaɓi duk sassan shafi masu wata alama, ya ɓoye su ko ya canza musu launi, kuma abin ya yi aiki a kowace burauza. Sirrin karɓuwarsa shi ne bai nemi kowa ya canza tsarin aikinsa ba. Ana liƙa fayil guda a shafin da ake da shi, a ci gaba da harka.

Wannan sauƙin ne kuma ya zama masa cikas. jQuery ya san yadda ake taɓa shafi, amma bai ce komai ba game da inda za a ajiye bayanai ko yadda za a raba aiki. Idan adadin kayan da ke kwandon mai saye ya bayyana a wuri huɗu, dole mai rubutun ya tuna ya gyara duka huɗun a duk lokacin da adadin ya canza. A ƙaramin shafi ba komai. A manhajar da mutum ashirin suke rubutawa shekara da shekaru, sai zaren ya cukurkuɗe har a rasa bakinsa.

Bambancin laburare da firemwok ya girmi intanet ɗin da aka sani yau. Ralph Johnson da Brian Foote sun yi bayaninsa a wata takardar bincike a 1988, Martin Fowler kuma ya sake fayyace shi a 2005. Ba girma ba ne ma'aunin, kodayake mutane da yawa haka suke ɗauka. Ma'aunin shi ne wa yake kiran wa. Da laburare, ragama tana hannun mai rubutu, shi ne ke kira. Da firemwok, tsarin ne ke tafiyar da manhajar, ya bar gurabu, mai rubutu ya cike su, sannan tsarin ya kira abin da aka rubuta idan lokacinsa ya yi. Na farko kamar magini ne da ya sayi cebur da ma'auni zai fitar da gida yadda ya so. Na biyu kamar wanda aka ba gida a rukunin gidaje, an riga an zana ɗakuna, nasa shi ne ya shirya kaya a ciki.

Tsakanin 2008 da 2011 ƙasa ta daidaita don manyan tsare-tsare. Burauzar Chrome ta zo da injin V8 mai sauri a 2008, Ryan Dahl ya fitar da Node.js a 2009, rumbun npm ya biyo baya a 2010, sai musayar kayan aiki ta zama abin umarni ɗaya. A 2010 Jeremy Ashkenas ya fitar da Backbone, wanda ya tsaya tsaka-tsaki, ya ba da ƙashin baya kawai ya bar sauran. A wannan shekarar ce AngularJS, aikin da Miško Hevery ya fara, ya fito ƙarƙashin inuwar Google, Ember na Yehuda Katz da Tom Dale kuma ya zo a 2011. Waɗannan biyun cikakkun firemwok ne: sun yanke wa mai aiki shawara kan yadda za a raba shafuka, yadda bayanai za su bi allo, da yadda za a yi gwaji. Manyan kamfanoni sun so hakan, domin sabon ma'aikaci da ya san tsarin zai gane aikin da ya gada ba tare da dogon bayani ba.

Farashin wannan kwanciyar hankali ya bayyana a watan Oktoban 2014, lokacin da masu AngularJS suka sanar cewa za su sake rubuta shi daga tushe. Angular 2 ya fito a watan Satumban 2016 da harshen TypeScript na Microsoft, kuma bai jitu da tsohon ba. Kamfanonin da suka zuba shekaru a kan tsohon tsari suka ga ko dai su sake gini, ko su zauna da abin da za a daina kula da shi, kuma an daina ɗin a ƙarshen 2021. A tarihin wannan muhawara babu abin da ya tsorata masu yanke shawara game da firemwok kamar wannan.

Wanda ya ci gajiyar tsoron shi ne React. Jordan Walke ne ya ƙirƙire shi a Facebook, aka yi amfani da shi a shafin labaran kamfanin a 2011 da Instagram a 2012, aka buɗe shi ga kowa a watan Mayun 2013. Da farko an yi masa dariya saboda ya cakuɗa HTML da JavaScript a fayil ɗaya, abin da aka shafe shekaru ana hana ɗalibai. Dabararsa ita ce a yanka fuskar shafi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta bayyana yadda za ta kasance idan bayanai suna kaza, shi kuma ya lissafa abin da ya canza ya gyara wannan kaɗai. Matsalar kwandon mai saye ta kau ke nan. React ya kira kansa laburare, ya ce shi allo kawai ya sani. Amma idan aka auna shi da ma'aunin wa-ke-kiran-wa, shi ne ke kiran gunduwoyin da aka rubuta masa. Sunan laburare ne, halin kuwa na firemwok.

'Yancin da ya bayar ya zo da nasa kaya. Mai son gina cikakkiyar manhaja sai ya nemo React Router don raba shafuka, ya nemo Redux, wanda Dan Abramov da Andrew Clark suka fitar a 2015, don riƙe bayanai, ya haɗa Babel da webpack don fassarawa da ɗaure fayiloli. Kowace tawaga ta wayi gari ta haɗa firemwok nata na gida, wanda ba shi da littafin jagora sai abin da ke kan wanda ya haɗa shi. Raunin dogaro da ƙananan kayan mutane ya fito fili a watan Maris na 2016, sa'ad da wani ya janye left-pad, laburare mai layi 11, daga npm, ayyuka masu ɗimbin yawa suka ƙi haɗuwa har sai da aka maido shi. A 2017 kuma sharaɗin lasisin React ya tayar da ƙura, gidauniyar Apache ta hana amfani da shi a ayyukanta, WordPress ya ce zai bar shi, sai Facebook ya koma lasisin MIT a watan Satumba.

Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014 bayan ya yi aiki a Google, ya bi hanyar tsakiya: a fara da shi ƙarami a liƙa a shafi, a ƙara masa sassa na hukuma idan aiki ya girma. Svelte na Rich Harris, daga 2016, ya mayar da yawancin aikin zuwa lokacin haɗa manhaja, don kada a ɗora wa wayar mai ziyara nauyi. A watan Oktoban 2016 kuma Next.js ya fito, firemwok ne da aka gina a kan React, ya ɗauki nauyin raba shafuka da shirya su tun daga saba. Abin ya zagayo: sabon littafin jagorar React na 2023 ya shawarci mai fara sabon aiki ya ɗauki firemwok, kuma a watan Fabrairun 2025 aka yi ritayar Create React App, hanyar da dubban ɗalibai suka fara koyo da ita.

A ɗaya ɓangaren, burauzar kanta ta balaga. Gyaran harshen JavaScript na 2015 da umarnin da aka gina a cikinta sun ɗauke yawancin aikin da jQuery yake yi. GitHub ya cire shi daga shafinsa a 2018, Bootstrap 5 ya rabu da shi a 2021, shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ya cire shi a 2022 domin sauƙaƙa wa masu ƙananan wayoyi da raunin sadarwa. Wannan dalili ya shafi duk mai gina shafi don jama'ar da ke sayen data da ƙyar, domin kowane kilobait na JavaScript sai waya ta sauke shi ta kuma sarrafa shi kafin maɓalli ya amsa. Rashin jituwar burauzoji ma ya ragu: Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a ranar 15 ga Yunin 2022.

Masu sana'ar a yau suna duba girman aikin, yawan ma'aikata, shekarun da manhajar za ta yi tana aiki, da irin wayar masu amfani da ita. Shafin makaranta mai fom guda ba ya buƙatar Angular, manhajar banki mai allo ɗari kuma ba za ta rayu da liƙe-liƙe ba. Amma abin da ake muhawara a kai a taruka daban, abin da ke aiki a intanet daban. Ƙididdigar W3Techs ta 2024 ta nuna jQuery yana cikin fiye da kashi 70 cikin 100 na shafukan duniya, kuma babban dalili shi ne WordPress yana zuwa da shi a cikin kayansa.