Abin Da Ke Sa Wani Keken Tsere Ya Fi Wani Gudu

Akasarin mutane na ɗauka cewa rashin nauyi ne sirrin gudun keken tsere. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, kamar galibin titin Jos zuwa Bukuru, iska ce babbar abokiyar hamayya. Da zarar gudu ya haura kilomita 30 a sa'a, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, kuma idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake buƙata don ketata kan ninka sau takwas.

Jikin mahayi ne ke tare kaso mafi tsoka na iskar, ba keken ba. Shi ya sa ake lanƙwasa kan keken tsere ƙasa domin mahayi ya duƙa, ake kuma sa tufafi masu kama jiki. Mai babbar riga a kan keke mai tsada na iya shan kaye a hannun wanda ya duƙa a kan mai araha.

Garin Jos na bisa tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, don haka iskarsa ba ta kai ta Legas kauri ba, kuma ta fi sauƙin ketawa. Sai dai iskar shaƙa ma kan ragu, huhu ya ƙara wahala. Irin wannan lissafi ne ya kai Eddy Merckx, ɗan Beljiyam, birnin Meziko mai tsayin fiye da mita 2,200, inda a 1972 ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin sa'a guda.

Nauyi kan yi tasiri ne a hawa, irin Hawan Kibo da ke hanyar Akwanga zuwa Jos. Ko a nan, idan mahayi da kekensa sun kai kilo 80, rage kilo ɗaya bai wuce sauƙin kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Tun shekarar 2000 Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta haramta shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba.

Taya ma na da nata. A da ana fifita siririya mai cike da iska tam, amma a titi mai gargada irin wannan taya tsalle take yi, ƙarfi ya salwanta. Yanzu manyan 'yan tsere sun karkata ga mai faɗin milimita 28 ko fiye, da iska daidai gwargwado. Sarƙa kuwa, musamman a ƙurar hunturu, idan ba a wanke ta an shafa mata mai ba, takan cinye wani ɓangare na ƙarfin da aka zuba a feda.