Tarihin Hawan Igiyar Ruwa a Dakar da Gaɓar Afirka ta Yamma

Hawan igiyar ruwa wasa ne na mutanen bakin teku. Mutum zai kwanta rubda ciki a kan dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya yi nisa da gaɓa, ya jira toroƙo ya taso, sannan ya yi wuf ya miƙe tsaye igiya ta kwaso shi. Badamagaren da ya koyi iyo a tabki da damina zai ɗauka wasan Turawa ne, amma ya daɗe a Afirka.

Tun a shekarun 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, da ya yi aiki a gaɓar da ake kira Gana a yau, ya rubuta yadda iyaye ke ɗaure yaransu a kan katako su saka su cikin teku. A 1834 kuma James Alexander ya ga yaran Akara suna shiga ruwa da alluna marasa nauyi, suna jiran igiya ta dawo da su. Saboda haka lokacin da Bruce Brown ya zo daga Amurka a 1963 tare da Mike Hynson da Robert August don ɗaukar fim ɗin The Endless Summer a Sanagal da Gana da Najeriya, allon zamani kawai suka kawo. Sanin ruwa, sun tarar da shi a wurin masu shi.

Fim ɗin ne ya fito da sunan tsibirin Ngor, wanda ke 'yar tazara kaɗan daga Dakar.

Abin da ke ba baƙo mamaki a can shi ne sanyin ruwan. Daga Disamba zuwa wajen Mayu, iskar arewa maso gabas, 'yar'uwar hunturun da ke sa mutanen Damagaram jin wuta da asuba, takan kore ruwan saman teku daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 18. A daidai wannan lokaci ne kuma manyan igiyoyi ke isowa daga arewacin Atilantika, don haka mai son igiya ta gari dole ya sa matsattsiyar rigar roba, ya jure rawar ɗari da yatsu masu ƙandarewa. Ƙarƙashin ruwan Ngor duwatsu ne da halittu masu ƙaya, waɗanda ƙayoyinsu ke karyewa a tafin ƙafa sai an sa allura an ciro.

Waɗanda suka riƙe wasan akasari 'ya'yan masuntan Lebu ne, da suka gaji sanin teku kaka da kakanni. Wasunsu da karyayyun allunan da baƙi suka bari suka fara. Daga cikinsu Oumar Seye ya zama ɗan Sanagal na farko da ya mai da wasan sana'a, Cherif Fall kuma ya yi suna har ƙetare. Labarin Khadjou Sambe ya fi taɓa zuciya: danginta sun hana ta shiga ruwa, wai ba wasan mata ba ne, amma ta nace har ta tafi Kalifoniya horo a 2018, ta dawo tana koya wa 'yan matan Dakar.

A Maris 2019 ƙungiyar World Surf League ta shirya gasa a Dakar, karo na farko a Afirka ta Yamma.