Ciwon Jijiya Mai Daɗewa a Kudancin Kano: Matsalar Bibiyar Majinyaci Tsakanin Asibiti da Kemis

Tsakure

Wannan maƙala ta auna abin da binciken likitanci ya tabbatar game da maganin ciwon jijiya mai daɗewa da yanayin rayuwar manoma a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma ta nuna cewa babban cikas yana wajen bibiyar majinyaci a makonnin farko na shan magani, fiye da wajen samun maganin kansa.

Ma'anar Ciwon da Musabbabansa

Ƙungiyar Nazarin Raɗaɗi ta Duniya ta bayyana wannan ciwo da cewa raɗaɗi ne da ke tasowa daga rauni ko cuta a jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ana kiransa mai daɗewa idan ya wuce wata 3. Ba jijiyar jini ake nufi ba. Majinyaci kan ce tafin ƙafarsa na zugi kamar an zuba barkono, ko kiyashi na bin sa, ko abu na fizgar sa kamar lantarki, wani lokaci kuma ƙafar ta sage alhali tana ciwo, abin kuma ya fi tsanani da dare. An ƙiyasta cewa kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na jama'a na fama da shi.

Cikin musabbabansa, ciwon suga ne kan gaba, domin kusan rabin masu shi jijiyoyin ƙafarsu na taɓuwa bayan shekaru. Sai kuturta, wadda kan bar raɗaɗi ko bayan an gama shan maganinta, kamar yadda masu jinya a Asibitin Yadakunya suka daɗe da sani, da maganin tarin fuka mai suna isoniyazid idan ba a haɗa shi da bitamin B6 ba, da ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau ke fito da su a gefe ɗaya na jikin manya, da danne jijiya a gadon baya sakamakon dako ko haɗarin babur. A yankin da noman rani ya bunƙasa tun gina Madatsar Tiga a shekarun 1970, ya kamata a tambayi manomi irin maganin feshin da yake gaurayawa da hannu, domin wasunsu na lalata jijiyoyi.

Abin da Bincike Ya Tabbatar

Wani babban nazari da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2015 ya sanya amitiriftilin da dulokzetin da gabafentin da firegabalin a sahun farko, ya ajiye tiramol a sahu na biyu. Alƙalumansa ba sa ba da damar yin alkawarin warkewa: sai an ba kusan mutum 4 magani irin amitiriftilin kafin ɗaya ya samu sauƙin da ya kai rabin ciwonsa saboda maganin, a firegabalin kuwa sai kusan mutum 8. Gwajin da aka yi a Birtaniya kan masu ciwon suga, wanda mujallar Lancet ta buga a 2022, ya nuna cewa amitiriftilin da dulokzetin da firegabalin aikinsu ya yi kusa da juna, kuma haɗa biyu na taimaka wa wanda ɗaya bai ishe shi ba. Wannan sakamako na da muhimmanci ga karkara, domin amitiriftilin tsohon magani ne mai arha, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Inda Gizo Ke Saƙa

Amitiriftilin ana fara shi ne da miligiram 10 zuwa 25 da dare, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma amfaninsa kan ɗauki makonni kafin ya bayyana, alhali illolinsa, wato bushewar baki da nauyin barci da taurin bayan gida, suna zuwa tun daren farko. Manomin da zai yi sammako gona da kaka, ya wayi gari jikinsa a mace, ga ciwon yana nan, da wuya ya kai kwana uku bai ajiye shi ba. Idan kuma wani ya karanta masa takardar kwalin ya ce maganin masu ciwon damuwa ne, shi ke nan an rabu, tun da ba wanda ya bayyana masa cewa ƙaramin awo ne ake ba mai ciwon jijiya. Dattijo mai wahalar fitsari ko ciwon zuciya kuwa yana bukatar likita ya duba shi kafin a fara.

Likitocin jijiya suna birnin Kano ne, musamman a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma mutumin Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa sai ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Ɗangora kafin ya iso, tafiyar da ba a maimaita ta kowane mako biyu domin a ƙara awon magani kawai. Kemis kuwa tana bakin kasuwa. Can ake samun dikulofenak, wanda ba ya yi wa wannan ciwo wani aikin kirki sai dai ya ci ciki da ƙoda, da tiramol, wanda ke kwantar da zugi cikin awa guda ya kuma ba da jin ƙarfin aiki. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100 kawai, amma mai 225 ne jami'an NDLEA suka sha kamawa, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Kasancewar cibiyar gyaran hali ta Jihar Kano a Ƙiru take ya isa ya tuna wa ma'aikatan lafiyar yankin inda dogaro da ƙwaya ke kai mutum. Haɗa tiramol da amitiriftilin na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ma firegabalin yana kama jiki, abin da ya sa Birtaniya ta tsaurara dokarsa a 2019.

Zama da Ciwon

Ƙafar da ta sage ba ta jin ƙaya ko ƙuna, don haka gashi da ruwan zafi, da kai ƙafa kusa da garwashi a lokacin hunturu, da ƙaho da tsaga a wurin wanzami, duk suna iya buɗe gyambon da zai ƙare da yanke ƙafa ga mai suga. Abin da ya fi amfani shi ne duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, da zazzage takalmi kafin sawa, da shafa mai a kan faso, da daidaita suga, da tafiya kaɗan-kaɗan, da auna bitamin B12 ga wanda ya daɗe kan maganin suga na metfomin.

Ganewar farko ba ta bukatar na'ura mai tsada. Takardar DN4 da likitocin Faransa suka fitar a 2005 abubuwa 10 kawai take dubawa, wanda ya samu 4 ko fiye ana kyautata zaton ciwon jijiya ne, sai kuma siririn zaren roba mai danna nauyin giram 10 da ake taɓa tafin ƙafa da shi. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na iya koyon duka biyun, ya kuma riƙe sunayen waɗanda likita ya ɗora kan magani, ya kira su a waya a mako na farko da na uku, ya tura wanda ƙafarsa ta fara rauni ko ya kasa riƙe fitsari zuwa babban asibiti ba tare da jinkiri ba.