Ɗaukar hoton ƙasa a Talata Mafara, Bakura da Maradun: wurare, lokaci da haɗari

Yawancin hotunan da ke fitowa daga yammacin Jihar Zamfara a 'yan shekarun nan na jana'iza ne da ƙauyukan da aka ƙone. Amma yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun yana da kogi, fadamu, duwatsu da kwazazzabai, kuma ƙaramar kyamarar aljihu ta isa ta adana su.

Yanayin ƙasar

Zamfara ba hamada ba ce. Ƙasa ce ta ciyayi da itatuwa jefi-jefi, irin su kuka da ɗorawa. Manyan kwazazzaban hamada da masu yawon buɗe ido ke nema suna arewa: duwatsun Ayar na ƙasar Azbin a Nijar, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, da tsaunukan Ennedi na Chadi da suka shiga jerin a 2016. Abin da ya yi kama da su a nan shi ne gaɓar Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga kusa da Funtuwa ya ratsa Gusau, da ramukan da ruwan damina ke yankawa a gonaki. Waɗannan ramuka shaida ce ta zaizayar ƙasa, domin hoton wuri ɗaya da aka ɗauka shekara bayan shekara yana nuna yawan gonar da ruwa ya cinye.

Madatsar Bakolori

Babu abin da ya sauya fuskar yankin kamar wannan madatsar ruwa. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka kammala a 1978, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5.5, tafkinta kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 450. Daga nan magudanan ruwa ke bi zuwa gonakin shinkafa da kayan lambu na Talata Mafara da Bakura, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Kyawun tafkin yana da tarihi mai ɗaci. Dubban manoma sun rasa gonaki da gidaje, rikicin diyya ya yi tsanani, kuma a ranar 28 ga Afrilu, 1980, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta. Hukuma ta ba da ƙaramin adadi, mazauna yankin da wasu masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Mai ɗaukar hoton da ya san wannan ba zai kalli ruwan a matsayin ado kawai ba.

Lokaci da haske

Daga Agusta zuwa Oktoba ƙasa kore ce shar, tafki a cike, sama kuma garau bayan ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana dusashe duk abin da ke nesa, sai dai yana tausasa haske, kuma lokacin ne gonakin rani ke fitowa kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Da bazara ruwa yana ja baya, yashi da duwatsun gulbi su bayyana.

Ƙaramar kyamara ba ta iya haɗa tsananin hasken rana da duhun inuwa a hoto ɗaya, don haka rana tsaka ba lokacinta ba ne. Da sanyin safiya da bayan la'asar inuwa ke miƙewa, zurfin rami ya fito. Sanya mutum, jaki ko kwalekwale a gefen hoto yana nuna girman wuri. Babbar abokiyar gabarta ƙura ce: idonta yana fita yana komawa, yana jan ƙurar ciki, shi ya sa ake ajiye ta a jaka mai zif, a kuma riƙe batir na biyu saboda rashin wuta.

Tsaro da doka

Nan ne batun ya fi nauyi. A Jangebe, cikin Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sace ɗalibai mata 279 a ranar 26 ga Fabrairu, 2021. A Maris na shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar, a Satumba kuma aka katse layukan waya. Har yanzu dazukan Maradun da hanyoyin ƙauye ba wurin baƙo ba ne.

Ƙaramar kyamara ba ta jan ido kamar babba, amma hakan bai ɗauke haɗari ba. Wanda aka gani yana ɗaukar hoto a ƙauyen da ba a san shi ba, ana iya zarginsa da kai wa 'yan bindiga rahoto. Saboda haka ake fara gaida hakimi ko mai gari, a tafi da ɗan gari, a nemi izinin ma'aikata kafin a ɗauki madatsar, a kuma kauce wa shingayen jami'an tsaro. Ba a ɗaukar mace ko yaro sai da yardar iyali. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Wayoyi da wasu kyamarori suna liƙa wa hoto bayanin inda aka ɗauke shi. Kafin a ɗora shi a Facebook, ana goge wannan bayani, domin hoton garken shanu ko rumbun hatsi mai ɗauke da adireshi yana iya jawo wa mai shi hari.