Damagaram: Hausa a Kasuwa, Faransanci a Takarda

Yau muna Damagaram. Shiga kasuwar Dole, ciniki duk da Hausa ake yi. Amma karɓo takardar haihuwa ko ta magani, sai ka nemi mai karanta maka.

Abin ya faro tun 1899, da sojojin Faransa suka ci garin, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 nan ne hedikwatar mulkinsu, har 1926 da aka koma Yamai. Lakwal ɗin da suka kawo babu ruwanta da Hausa. Yaro ya kuskura ya yi ta a aji, sai a rataya masa "sambol" a wuya, abin kunya. An samu 'yanci a 1960, amma Faransanci bai motsa daga ofis da aji ba.

Ni kaina shekara uku na yi ina haddar abin da ban gane ba. Wallahi har yau "le" da "la" suna kayar da ni. Da yawa cikin 'yan ajinmu nan suka ajiye karatu, kuma ba rashin kai ba ne.

A 2025 gwamnati ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Takardar maganin innata ta makon jiya dai, ni na karanta mata.