Waziri Giɗaɗo ɗan Laima da Aikin Jakadanci a Daular Sakkwato

An haifi Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima wajen shekarar 1776, ya kuma tashi cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Gobir. Tun kafin hijira zuwa Gudu a 1804 aminin Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu. Daga baya ya auri Nana Asma'u, ƙanwar Bello, sai aminci ya haɗu da surukuta. Farkon matsayinsa ke nan: abokin shawara wanda ake ganawa da shi a keɓe, ba shi da wata sarauta.

Yaɗuwar jihadi ce ta sauya masa aiki. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, masu tuta sun riga sun kafu a Katsina da Kano, wasu kuma suna fafatawa a iyakar Barno. Ƙasa mai wannan faɗi ba ta riƙuwa da takobi kaɗai, sai da wasiƙa da manzo amintacce, mai sanin abin da ke zuciyar wanda ya aiko shi. Giɗaɗo na cikin waɗanda aka riƙa turawa gabas, a daidai lokacin da Bello ke musayar wasiƙu da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa ke kira Shehu Laminu, kan halaccin yaƙar Barno.

A zamanin Shehu, ƙanensa Abdullahi ne waziri. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya zauna Gwandu, wazirci ya koma hannun Giɗaɗo. A hannunsa ne sarautar ta ɗauki siffar da aka san ta da ita. Shi ne ƙofar Kano da Zazzau da yawancin masarautun gabas: saƙonsu ta wurinsa yake isa ga Sarkin Musulmi, amsa ma ta wurinsa take fita. Yakan yi rangadi da kansa, ya sasanta rikici, ya duba haraji, ya sa baki a naɗin sabon sarki. Aiki ne na lallashi fiye da umarni, domin sarakunan suna da rundunoninsu, Sakkwato kuwa tafiyar makonni ce daga wasunsu.

Abin da ya fi fito da sunansa a littattafan Turawa shi ne zuwan Hugh Clapperton, jakadan Ingila. A watan Maris na 1824 Clapperton ya shiga Sakkwato, Giɗaɗo ne ya sauke shi, shi ne kuma ya yi masa iso wurin Bello, inda aka tattauna batun ciniki da hana fataucin bayi ta teku. Baƙon ya yaba halin mai masaukinsa ƙwarai. Zuwansa na biyu a 1826 ya faɗo a mugun lokaci, domin yaƙi ya ɓarke tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu Laminu. Aka hana shi wucewa, aka karɓe kayan. Clapperton ya ɗauki wannan cin amana. A wurin fadar kuwa babu mai barin kaya su kai ga abokin gaba alhali dakarunsa sun doshi Kano. Giɗaɗo ne ya tsaya tsakani yana kai kawo. Clapperton ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya koma gida da takardunsa.

Bayan rasuwar Bello a 1837, Giɗaɗo ya taka rawa wajen zaɓen Abubakar Atiku, amma kusancin da ke tsakaninsa da Bello bai maimaitu da sabon sarkin ba. Sannu a hankali ya ja jiki daga fada ya koma rubutu. Littafinsa Raulul Jinan ya tattara labarai da karamomin Shehu, Alkashfu wal Bayan kuma tarihin Bello ne. Masu tarihi na dogara da su har yau, ko da yake alƙalamin masoyi ne ya rubuta su.

Ya rasu wajen 1851, lokacin ɗansa Abdulƙadir na riƙe da wazirci a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sarautar ta zauna a gidansa, a unguwar Giɗaɗawa. Jikansa Waziri Buhari ne ya sha fama da basasar Kano ta 1893, shi ne kuma ya gana da Turawa bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya hau kujerar a 1948 ya rasu a 1997, shi ma daga wannan zuriya yake.