Jiragen Tururi da Bakin Ruwan Lakwaja

Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa, gari ne da jirgin ruwa mai tururi ya ɗaukaka, daga baya jirgin ƙasa ya janye masa kasuwa.

Jiragen tururi sun fara shigowa Kwara a 1832, lokacin da ɗan kasuwar Birtaniya Macgregor Laird ya taho tare da Richard Lander cikin jirage biyu, Quorra da Alburkah. Na biyun da ƙarfe aka ƙera jikinsa, abin da ba a saba gani a teku ba a wancan zamani. Ciniki bai yi armashi ba, zazzaɓi kuma ya kashe mafi yawan Turawan. A 1841 gwamnatin Birtaniya ta turo jirage uku, aka yi yunƙurin kafa gonar gwaji a mahaɗar kogunan, nan ma zazzaɓi ya watsa su. Sai a 1854 likita William Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa maganin kwinin kullum, ya komo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Baikie ya zauna a Lakwaja da yardar Etsu Nupe Masaba, ya buɗe kasuwa, fatake Hausawa da Nufawa suka riƙa sauka, har Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki a bakin ruwan.

A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Birtaniya da ke kogin wuri guda, a 1886 kuma suka sami takardar izinin mulki da sunan Royal Niger Company. A wannan zamani ne gaɓar Lakwaja ta cika da ɗakunan ajiya masu rufin kwano da ma'aikatar gyaran jirage. Itace jiragen suke ci, don haka tulin itace ba ya yankewa a gaɓa, masu sara da 'yan dako da matuƙan kwalekwale duk suka samu abin yi. Gishiri da yadi su haura, man kaɗe da hauren giwa da fatu su gangara zuwa bakin teku, inda ake juye su cikin manyan jirage. Riba ta kamfani ce, domin ya toshe hanya ga 'yan kasuwar ƙasa da haraji da lasisi, abin da ya tunzura mutanen Nembe suka afka wa tasharsa ta Akasa a 1895. Bayan kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, an girka injin gurzar auduga a garin.

A Lakwaja Baturen mulki Lugga ya ɗaga tutar mulkin Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, kuma nan aka riƙa kai sarakunan da aka tuɓe. Sarkin Kano Alu a can ya rasu a 1926.

Matsalar kogin ita ce ruwansa na lokaci ne. Da rani yashi yakan fito tsibi-tsibi, manyan jirage su tsaya jiran cikowa, zuwa Yola da Garwa kuwa sai cikin 'yan watannin damina. Masana'anta ba ta tsayuwa kan hanyar da ke rufewa rabin shekara. Abin tausayi shi ne, jiragen tururin ne da kansu suka yi jigilar ƙarafunan dogo zuwa Baro, inda aka soma shimfiɗa layin Kano a 1907. Dogo ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da layin Legas a Minna, gadar Jebba kuma ta kammala a 1916. Daga nan gyaɗa da audugar ƙasar Katsina sai su nufi tashoshin dogo su wuce Legas kai tsaye, injinan gurza kuma suka koma kusa da gonaki, Zariya da Funtuwa. Bayan shekaru masu yawa an sake gina tashar jiragen ruwa ta Baro, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a Janairun 2019.